Filin Tambaya da Amsa: Hantar Mutum a Cikin Faranti

Wasiƙun wannan wata a kan hanta suka taru, ba tare da na nema ba. Na ɗauki huɗu. Ta farkon ta cinye fiye da rabin filin, saboda haka waɗanda suka aiko tambaya a kan hawan jini da maganin tarin yara su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu a fannin ilimin magunguna. Na tatso sinadaran ɓawon marke, wanda ake jiƙawa a sha don shawara, na zuba su a kan ƙwayoyin hanta na HepG2 har awa 24, na auna da gwajin MTT mai nuna yawan ƙwayoyin da ke raye. Ko a ma'auni mafi ƙarfi ba su mutu ba, lambar ma ɗan haurawa ta yi. Na rubuta cewa marke ba ya cutar da hantar ɗan Adam. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta "Me ya sa HepG2?", bai ƙara komai ba. Ashe ba duk ƙwayoyin hanta ba ne?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malamin nan gata ya yi miki, ko da yake na san ranar da kika ga jan biron ba haka zuciyarki ta raya miki ba. Jimlar da kika rubuta ta fi ƙarfin gwajin da kika yi.

Mu fara da abin da hanta take yi wa magani. Yawancin magunguna da sinadaran tsirrai sun fi narkewa a mai fiye da ruwa, don haka ƙoda ba ta iya zubar da su a fitsari yadda suka shigo. Hanta ce ke sauya musu kama. Tana da wasu furotin da ake kira enzayim, manyansu su ne dangin CYP, waɗanda ke fara liƙa wa sinadarin oksijin. Daga nan wasu enzayim ɗin su ɗaura masa wani abu mai son ruwa, kamar salfet ko gulutatayon, sannan a tura shi cikin jini ya tafi ƙoda, ko cikin ruwan matsarmama ya bi hanji. Ɗaya kaɗai daga cikinsu, CYP3A4, yana da hannu a sarrafa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin magungunan da ake rubutawa a asibiti.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin mataki na farko da na biyu, domin wani sa'in abin da CYP ya haifar ya fi uwarsa mugunta. Ɗauki farasitamol. Shi kansa ba ya kashe ƙwayar hanta. Mafi yawansa ana ɗaure shi a fitar lafiya lau, amma wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana faɗawa hannun CYP2E1 ya zama wani abu mai suna NAPQI, guba mai kama duk furotin da ta taɓa. Gulutatayon ne ke tare ta. Ƙa'idar babban mutum ba ta wuce giram 4 a yini ba, kuma idan aka zarce sosai gulutatayon ya ƙare, sai gubar ta fara cin hanta. Wato hantar ce da kanta take haɗa abin da ke kashe ta. Haka aflatoksin, gubar fumfunar gyada, yake, haka wasu sinadarai na tsirran dangin Crotalaria da Heliotropium da ke fitowa a gonakinmu da bakin fadamu. Sai hanta ta taɓa su suke zama guba.

To su wane ne HepG2? A 1975 aka ciro su daga ƙarin da ya fito a hantar wani yaro ɗan shekara 15, ɗan ƙasar Ajantina, Barbara Knowles da David Aden suka raine su a cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka. An shafe shekaru ana rubuta cewa kansar hanta ce irin ta manya, sai a 2009 aka sake nazarin asalin naman aka nuna irin kansar hantar yara ce, wadda ƙwayoyinta suka fi kama da na ɗan tayi. Kuromosom ɗinsu wajen 55 ne maimakon 46. Suna yin albumin, furotin ɗin jini da hanta ke yi, suna hayayyafa ba iyaka, ba su da tsada, kuma suna da haƙuri da sakacin ɗalibi. Shi ya sa suka cika duniya. Sai dai enzayim ɗin CYP nasu bai taka kara ya karya ba. CYP3A4 ɗinsu yakan gaza na hantar baligi sau ɗari ko fiye, CYP2E1 kuwa kusan babu shi. Kin ɗora tukunya a murhun da babu wuta, kin dawo kin ba da shaida cewa wannan shinkafa ba ta ƙonewa.

Suna da wani hali kuma. Kamar sauran ƙwayoyin kansa, idan ruwan rainonsu ya cika da gulukos, da shi suke rayuwa kai tsaye, ba su dogara da mitokondiriya ba, wato sashen ƙwaya da ke amfani da oksijin ya samar da kuzari. Gubar da ke lalata wannan sashe sai ta shiga ta fita ba su ko yi tari ba. Masu aikin sukan cire gulukos su sa galaktos don su tilasta musu dogara da shi.

Waɗanda ake auna kowa da su su ne ƙwayoyin da aka ware kai tsaye daga hantar mutum. Berry da Friend suka nuna hanyar a hantar ɓera a 1969, Per Seglen na Norway ya gyara ta zuwa matakai biyu a shekarun 1970: a fara bi ta jijiyoyin naman da ruwan da babu kalsiyam don ƙwayoyin su saki juna, sannan a bi da enzayim mai narkar da zaren da ke riƙe da su. Lokacin da nake karatu a waje ɗakin gwajinmu yana da yarjejeniya da wani asibiti. Idan likita ya yanke ƙari a hanta, yakan haɗa da ɗan lafiyayyen nama a gefe, shi ake ba mu da izinin mai shi. Waya kan zo ko ƙarfe nawa ne, kuma ba a cewa sai gobe. Ki ga guntun hanta ja wur yana kodewa yana komawa ruwan ƙasa yayin da ruwan wankin ke ratsa shi, ya yi laushi har ki iya farfasa shi da ɗan cokali. Sai a ɗiga shuɗin rini a ƙirga a madubi: wadda ta sha shuɗi ta mutu. Idan masu rai suka yi kaɗan, a tattara kaya kowa ya koma ya kwanta.

Waɗannan ƙwayoyin hantar gaske ba abin da suka rasa na enzayim da furotin masu shigar da magani da fitar da shi. Amma ba sa hayayyafa, kuma da zarar an shimfiɗa su a faranti sun fara mance sana'arsu. Cikin kwana ɗaya zuwa uku CYP ya zube. Ga kuma bambancin mutum da mutum: hantar mai shan taba tana da CYP1A2 da yawa, ta mai shan giya CYP2E1, ta wanda ke shan rifamfisin na tarin fuka CYP3A4 ya ninka. Don haka kamfanoni ke sayar da su a daskare cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wani sa'in a gauraye daga mutum 10 ko 20 ko 50 don a samu matsakaici. 'Yar kwalba ɗaya ɗaruruwan daloli ce kafin kuɗin jirgi. Na taɓa ganin akwatin irinsu ya kwana a filin jirgin sama ana jiran sa hannun wani jami'i har sanyin ya huce, kuɗin tallafin shekara guda ya bi ruwa.

An samo dabarun tsawaita musu rai. Idan aka sa su tsakanin shimfiɗa biyu ta kolajin, furotin da ke riƙe naman jiki, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, sukan kai wajen mako biyu, har su sake gina 'yan magudanan ruwan matsarmama a tsakaninsu. Idan kuma aka hana su manne wa faranti, sai su dunƙule su zama curi, ƙwayoyi kamar 1,500 a kowane curi. Masu bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin sun nuna a 2016 cewa irin wannan curi yana riƙe aikinsa har mako biyar.

Kada ki raina maganar tsawon lokacin nan. A 1993 an gwada wani magani mai suna fialuridine a Amurka a kan mutum 15 masu ciwon hanta nau'in B. Ya wuce gwajin ɓeraye da karnuka da birai. Makonnin farko komai ya tafi daidai, daga baya hanta ta fara gazawa. Biyar suka rasu, biyu suka tsira da dashen hanta. A hankali maganin ke taruwa yana lalata mitokondiriya. A gwajin kwana ɗaya ko biyu ba a ganin komai, amma da aka yi ta zuba shi a kan curin ƙwayoyin hantar mutum makonni a jere, gubarsa ta fito fili. Ki tambayi kanki: wanda ke jiƙa marke don shawara, kwana ɗaya yake sha ya daina?

Tsakanin HepG2 da ƙwayoyin hantar gaske akwai HepaRG, kuma da kuɗi a hannu su zan saya miki. Masu bincike a birnin Ren na Faransa suka bayyana su a 2002, daga ƙarin hantar wata mata mai ciwon hanta nau'in C. Ana barin su mako biyu su cika faranti, sannan a sa musu wani sinadari mai suna DMSO kashi 2 cikin ɗari na wasu mako biyun, sai su rabu gida biyu: wajen rabi su zama kamar ƙwayoyin hanta balagaggu, sauran kamar na bututun matsarmama. CYP3A4 ɗinsu yana gogayya da na hantar gaske, idan kika zuba musu rifamfisin yana ƙaruwa yadda ya kamata, kuma suna riƙe wannan hali makonni. Su ne ma layin ƙwayoyi na farko da bairas ɗin ciwon hanta nau'in B ya yarda ya shiga a faranti. Aibinsu: duk daga mace ɗaya suke, CYP2D6 ɗinsu kaɗan ne, DMSO ɗin da ke balagar da su yana iya shiga cikin sakamako, kuma da lasisi ake sayar da su. Sannan mako huɗu ke nan akwatin ɗumi yana tsaye a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari ba yankewa. Duk wanda ya yi aiki a jami'o'inmu ya san wannan ba maganar kimiyya ba ce, maganar dizal ce.

Sauran zan bi su da sauri. Huh7, daga Japan a 1982, gwanaye ne wajen nazarin bairas ɗin nau'in C, amma wajen sarrafa magani ba su fi HepG2 da wani abin kirki ba. Akwai waɗanda ake ƙerawa daga ƙwayar fata ko jini ta hanyar da Shinya Yamanaka ya gano, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 2012. Abin sha'awa ne, don za a iya yin na kowane mutum, amma yawanci a matakin hantar ɗan tayi suke tsayawa. Idan kuwa wani ya ce zai ba ki "lafiyayyun ƙwayoyin hanta" masu suna Chang ko L-02 kyauta, ki yi godiya ki wuce. Gwajin DNA ya nuna ƙwayoyin HeLa ne, na kansar bakin mahaifa, suka mamaye su tuntuni. Har yau ina ganin sunayensu a rubuce-rubucen ɗalibai.

Saura lambar da kika ce ta haura. MTT rawaya ne, ƙwaya mai rai ke mayar da shi shunayya, na'ura ta auna kaurin launin. Amma ɓawon itace irin marke cike yake da tanin da danginsa, kuma irin waɗannan sinadarai suna iya juya MTT da kansu ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin farantin. Ga launin jiƙon kansa da na'ura za ta karanta. Mai yiwuwa ne ƙwayoyinki na mutuwa, marke yana cike musu gurbi.

Ba sai kin zubar da aikinki ba. Ki sake farantin da layi guda na jiƙo da MTT ba ƙwayoyi. Ki wanke ramukan kafin ki zuba MTT. Ki ƙara wani ma'auni daban, kamar LDH da ke tsiyayewa daga ƙwayar da ta fashe, ki kuma duba su da idonki a madubi. Ki sa farasitamol ko aflatoksin a wasu ramuka don mai karatu ya ga yadda ƙwayoyinki suke yi da gubar da sai an sarrafa ta. Idan za ki samu ruwan S9, wato tatsattsen enzayim na hanta, ki haɗa jiƙon da shi tukuna ki ga ko labari zai canza. Sannan ki gyara jimlar: a wannan ma'auni, cikin awa 24, jiƙon bai kashe ƙwayoyin HepG2 kai tsaye ba, kuma gwajin bai taɓo abin da hanta za ta iya mayar da shi ba. Wannan jimla ba mai jan layi a ƙarƙashinta.

TAMBAYA: Hajiya, ni ɗan kasuwar gyada ne. An zo mana da wayar da kai cewa gyadar da ta yi fumfuna tana kawo kansar hanta. Ni kuwa ɓerayen sitona ita suke ci, ƙiba ma suke yi. Da wa aka gwada aka gani?
Daga wani Alhaji a Dawanau, Kano

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma masana sun san dalili. Ƙaramin ɓeran gida yana da wani enzayim a hantarsa da ke kama gubar aflatoksin ya ɗaure ta kafin ta yi ɓarna. Ɗan Adam ba shi da mai ƙarfi irinsa. Ko babban ɓeran da ake gwaji da shi bai da wannan sa'a, kansa yake yi. 'Ya'yan agwagwa da talotalo kuwa faɗuwa suke yi. Ta kansu ma aka gano gubar: a 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyada ce daga Barazil mai fumfunar Aspergillus flavus. Ka ga dabba ɗaya ba ta isa shaida a kan mutum ba.

Ba a ɗura wa kowa gubar don gwaji ba. Shaidar ta taru ne ta hanyoyi daban-daban. A faranti an ga enzayim ɗin hantar mutum, CYP1A2 da CYP3A4, suna juya aflatoksin B1 ya zama abin da ke manne wa DNA. Idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin hantar gaske ko HepaRG, ɗan kaɗan ya isa ya yi musu lahani, alhali HepG2 da na yi wa ɗalibar sama bayani sai an ninka musu sosai. A jikin marasa lafiya kuma, a yankunan Afirka da Sin inda ake cin gurɓataccen hatsi, an yi ta samun tabo iri ɗaya a wuri ɗaya a cikin ƙwayar gadon TP53, gurbi na 249, irin tabon da gubar ke bari a faranti. Sannan a birnin Shanghai an bi maza kimanin 18,000 shekaru ana auna fitsarinsu da jininsu. Mai alamar aflatoksin kaɗai haɗarinsa na kansar hanta ya ninka wajen sau 3, mai ciwon hanta nau'in B kaɗai wajen sau 7, wanda ya haɗa biyun kusan sau 60. Mu kuwa a ƙasar Hausa duka biyun muna da su. Idan gubar ta yi yawa ma ba ta jiran shekaru: a Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125.

Suya da dafuwa suna rage ta amma ba sa kawar da ita. Idan aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar ware ta ƙwarai a sayar, tsintacciyar a bai wa masu ƙuli da rangwame, ta koma bakin yara 'yan makaranta. Ƙasashen Turai ba sa karɓar gyadar ci da ta wuce maikurogiram 4 a kilo, Amurka 20. Abin da ke hannunka: kada ka karɓi wadda ba ta bushe ba, ka ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, wadda ta yamushe ko ta canza launi a fitar da ita daga abincin mutane da na dabbobi. Manoman da kake saye a wurinsu ka tambaye su ko sun san Aflasafe, shuɗiyar dawar nan da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wadda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure. Ka je a gwada ka ciwon hanta nau'in B, kai da iyali, jarirai kuma a yi musu allurar rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa.

TAMBAYA: Dakta, ina aiki a kantin magani. Mutane sukan ce maganin Turawa a kan jikin Turawa aka auna shi. Waɗannan ƙwayoyin hanta da ake gwaji da su, akwai namu a ciki?
Daga wani ma'aikacin kantin magani a Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa, maganar mutanen nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ko da yake ba ta zama dalilin ƙin shan magani ba. HepG2 ɗan Ajantina ne, HepaRG daga Faransa, Huh7 Bajafane. Daskararrun da kamfanoni ke sayarwa mafi yawa daga asibitocin Amurka da Turai suke. Na nahiyarmu da aka fi sani shi ne PLC/PRF/5, wanda aka raino a Afirka ta Kudu a 1976 daga kansar hantar wani matashi baƙar fata, amma shi an fi amfani da shi wajen nazarin bairas da kansa.

Bambancin kuwa na gaske ne. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da CYP3A5 mai aiki, yawancin Turawa nasu a kashe yake. Shi ya sa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda a cikinmu sukan buƙaci takrolimus, maganin hana jiki ƙin dashen, fiye da Bature kafin ya kai ma'aunin da ake so a jini. Efavirenz na masu ƙanjamau kuma CYP2B6 ke sarrafa shi, kuma nau'in wannan enzayim mai nawa ya fi yawa a Afirka. Maganin sai ya taru, ka ji mara lafiya na kukan jiri da munanan mafarkai. Ka tabbata ka sha jin wannan a kantinka kafin a koma dolutegravir.

Saboda haka idan kamfani ya gauraya hantar mutum 50 kuma kusan duk Turawa ne, matsakaicin da ya samu ba namu ba ne. Ana yi wa hanta tiyata a manyan asibitocinmu, guntun da aka yanke yana ƙarewa a kwalbar fomalin ko wurin ƙonawa. A ganina ajiye ƙwayoyin hantar mutanenmu da izininsu ya fi wasu manyan na'urori da ake saye su yi ƙura amfani. Kafin nan, mara lafiyar da ya ce maka magani ya yi masa ƙarfi, ka saurare shi ka mai da shi wurin likita.

TAMBAYA: Malama, naman ɗan Adam abin girmamawa ne ko bayan mutuwa. Daga ina ake samun wannan hanta, kuma me ya hana a tsaya a kan dabbobi?
Daga wani malamin makarantar Islamiyya a Kumasi

AMSA: Allah gafarta Malam, hukuncin shari'a naku ne ku malamai, ni zan faɗi yadda abin yake ne don ku yi hukunci a kan sani. Hanya biyu ce. Ta farko ragowar naman da likita ya yanke wa mai rai don a yi masa magani, wanda da ma ba za a mayar jikinsa ba. Ta biyu hantar mamacin da shi ko danginsa suka ba da don a dasa wa wani, likitoci suka duba suka ga ba za ta dasu ba, misali don kitse ya yi mata yawa. Irin su HepG2 kuwa sau ɗaya aka ɗebo su, shekara hamsin ke nan suna hayayyafa a kwalba, ba a sake komawa jikin kowa ba.

Damuwarka tana da tushe a tarihi. A 1951 a Baltimore aka ɗebi ƙwayoyin kansar wata baƙar mata mai suna Henrietta Lacks ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta suka zagaya duniya da sunan HeLa, iyalinta ba su sani ba sai bayan fiye da shekara ashirin.

Dabbobi ba a daina amfani da su ba, don faranti ba shi da ƙoda ko hanji ko garkuwar jiki. Amma ka ga labarin fialuridine da na ɓerayen Alhaji a sama. Yanzu har ana haɗa ƙwayoyin hanta iri uku ko huɗu a cikin 'yar na'ura mai girman ɗan yatsa, ruwa yana gudana ta cikinta. A wani bincike na 2022 da aka gwada magunguna 27, irin wannan na'ura ta gano kashi 87 cikin ɗari na masu cutar da hanta, sai dai kamfanin da ke ƙera ta ne ya jagoranci binciken, don haka ina jiran wasu su maimaita. A Disambar 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin mutum, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan hanyoyi.

A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire nama daga jikin mai rai sai da izininsa bayan an yi masa bayani, kuma duk binciken da ya shafi ɗan Adam sai kwamitin ɗa'a ya amince. Duk inda mutum yake, idan za a yi wa wani naka tiyata ku nemi a karanta muku takardar da za ku sa wa hannu da harshen da kuke ji. Idan akwai sakin layi a kan ajiye nama don bincike, kuna da ikon cewa a'a, kuma hakan ba zai hana a yi aikin ba.